Dila, kaska da karen farauta: ina cutar jini take kwana?

Da zarar an gama girbi a ƙasar Zuru, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su ɗaura ɗamara. Daga Danko-Wasagu zuwa Sakaba da Fakai, har can gefen Yauri da Ngaski, za ka ga ayari da gora da adda da bindigar toka, karnuka na gaba suna shinshine-shinshine. Akwai abin da kusan kowane tsohon mafarauci ya sha gani. A dawo daga daji lafiya lau, bayan mako biyu ko uku sai karen da ya fi kowanne ƙwazo ya kwanta. Ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi rau. In ka ɗaga leɓensa, dasashin da ka san shi ja ya koma fari fat, wani lokaci ma ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa kuma ya yi duhu. Kwana uku ko huɗu ya mutu. Wani ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce guba ya ci. Masu lura kuwa sukan ce a wurin dila ya kwaso, tunda an ga ya cusa kai raminsa.

Masu maganar dila sun fi kowa kusa da gaskiya, amma rabinta suka riƙe. Rabin da suka saki shi ne wanda zai iya ceton kare.

Dangin kare da ke zaune a dajinmu ba su da yawa. Akwai dila iri biyu: mai zane a gefen jiki da farin bakin wutsiya, wanda ya fi son wuri mai duhuwa da danshi irin na kudancin Kebbi, da kuma mai ruwan ƙasa da ya fi sabawa da fili da ƙarancin ruwa. Akwai yanyawa, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, mai haƙa rami a ƙasa mai rairayi. Sai kyarkeci, karen dajin nan mai dabbare-dabbaren jiki da ke farauta a garke, wanda a yau ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, in ban da ɗan abin da ya rage a gandun Niokolo-Koba na ƙasar Senegal. Kura ba ta cikinsu. Duk da kamanninta, ta fi kusa da dangin kyanwa. Saboda haka idan ana zancen karnukan daji a Kebbi, galibi zancen dila ake yi.

Cutar da ta kwantar da karen nan, wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, ana kiranta Babesiya, da sunan likitan ƙasar Romaniya Victor Babes, wanda ya fara ganinta a jinin shanu a 1888. Tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su, ta faɗa wasu. Wannan ne ya sa dasashi ke fari, domin jini ya ƙare. Abin da ya fashe kuma ya bi ta ƙoda ya rina fitsari, ya bi ta hanta ya kawo shawara, saifa ta kumbura saboda aikin kwashe matattun ƙwayoyi ya yi mata yawa. Wanda ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke aiki a jikin mutum zai gane wannan nan take, domin ƙwayoyin biyu dangin juna ne. Bambancin shi ne ita wannan ba sauro ke ɗaukarta ba, kaska ce. A 1893 wasu masu bincike biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar da cewa kaska ce ke kai wa shanu ita, kuma wannan ne karo na farko da aka nuna cewa ƙwaro mai shan jini na iya ɗaukar irin wannan cuta daga dabba zuwa dabba.

Likitan dabbobi ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa kafin ya gan ta. Zai huda bakin kunnen kare, ya ɗiga jini a kan gilashi, ya shafe shi siriri, ya zuba masa rini, ya sa a madubin hangen ƙananan halittu. Idan tana nan, zai ga wasu abubuwa biyu a manne da juna ta tsininsu, zaune a cikin ƙwayar jini ɗaya.

Babesiyar kare ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne dila ya shigo cikin zancen. Akwai wadda ake kira vogeli, wadda kaskar gida mai ruwan ƙasa ke ɗauka, ita ce ake gani cunkus a kunnen kare da tsakanin yatsunsa. Wannan ba ta cika kisa ba sai ga kwikwiyo ko karen da yunwa ta riga ta gama da shi. Akwai kuma rossi, wadda ita ce mafi muni a duk Babesiyar kare, kuma wata kaska mai ruwan rawaya ce ke ɗaukarta, wadda 'ya'yanta ke rayuwa a jikin ɓeraye da ƙananan dabbobin daji, manyan kuma su hau dabbobi masu cin nama. Karo na farko da aka bayyana rossi, a 1910 ne, kuma ba a jinin karen gida ba, a jinin dila mai zane a gefe ne da aka samu a Afirka ta Gabas. Daga baya, tun a shekarun 1940, an yi gwaji a Afirka ta Kudu: aka sa wa dila mai baƙin gadon baya jinin kare mara lafiya. Ƙwayar ta zauna a jikinsa, amma bai kwanta ba. Da aka ɗebi jinin nasa aka sa wa karen gida, sai cutar ta tashi da ƙarfinta. Wani bincike da aka wallafa a 2017, shi ma daga can, ya samu rossi a jinin kusan kashi 30 cikin 100 na diloli 91 da ke yawonsu a daji, ba tare da alamar ciwo ba.

Me ya sa dila ke ɗauke da ita yana harkokinsa, kare kuwa ta kashe shi cikin kwanaki? Daɗewar zama tare. Dila da wannan ƙwaya sun shafe dubban ɗaruruwan shekaru a nahiyar nan. Dilan da ba ya iya jure mata ya daɗe da ƙarewa, wanda ya rage garkuwar jikinsa ta san yadda za ta danne ta ba tare da ta kawar da ita ba. Karen gida kuwa baƙo ne a Afirka idan aka kwatanta, mutane ne suka shigo da shi shekaru dubbai kaɗan da suka wuce. Idan ƙwayar ta shige shi, jikinsa kan yi mata faɗan da ya wuce kima, kuma wannan faɗan da kansa yana cikin abin da ke lalata ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Ko a cikin karnukan gida ma akwai bambanci: karen ƙauye da ya tashi cikin kaska tun yana kwikwiyo yakan fi jure mata a kan karen Turawa da aka sayo da tsada aka kawo Birnin Kebbi gadi.

Wannan shi ake nufi idan aka ce dabba ma'ajiyar cuta ce. Kamar garwashin da aka binne a toka ne da dare: babu harshen wuta, babu hayaƙi, amma da safe duk wanda ya kawo kara zai samu wuta. Sai dai a nan ne mutane da yawa, har da masu ilimi, ke yin gaggawar yanke hukunci. Samun ƙwaya a jinin dabba bai isa a ce ita ce ma'aji ba. Dole ƙwayar ta iya dawwama a cikin wannan dabbar ko da babu wata, dole ta kasance da yawan da kaska za ta iya ɗauka, dole kuma kaskar ta sami hanyar kaiwa ga wanda ake tsoron ya kamu. In ɗaya ya faɗi, dabbar mai ɗauke da cuta ce kawai, wataƙila ma ita aka shafa wa.

Misali daga Brazil ya nuna wannan ƙarara. A can akwai cutar lishmaniya mai kumbura saifa, wadda ke kashe yara, wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗa ta. An daɗe ana zargin wata yanyawar ƙasar, domin in aka gwada jininta sai a samu yawancinsu sun kamu. Da aka bi diddigi a tsibirin Marajo, aka riƙa barin ƙudan ya ciji yanyawa ya ciji kare ana duba wanda ya fi ba shi cutar, sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna karnukan gida ne ke riƙe da cutar, yanyawa kuwa a bakin ƙauyuka take kwasowa. Da an bi zargin farko an ƙarar da yanyawar, yara za su ci gaba da mutuwa.

To mu dawo gida. Dila mai baƙin gadon baya, wanda aka tabbatar ma'ajin rossi ne, ba ya zaune a Najeriya, a kudanci da gabashin Afirka yake. Amma rossi tana nan. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan karnuka 100 a Jos ya same ta a jikin fiye da rabinsu. Karnuka ne da aka kai asibitin dabbobi a cikin birni. Hanya biyu ce za ta kai ƙwayar jikinsu: ko dai dila mai zane a gefe yana ciyar da kaskar daji ita kuma tana bin karnukan farauta da na makiyaya zuwa gari, ko kuma karnukan gida sun riga sun riƙe ta a tsakaninsu ba sa buƙatar dila. Kowacce ka ɗauka, wuri ɗaya take kai ka: kaska da karen da ke shiga daji ya fito.

Rayuwar kaska ce ke sa lamarin ya yi wuyar yankewa. Irin waɗannan sau uku suke shan jini a rayuwarsu, kuma kowane karo a jikin dabba dabam. Ta sha ta faɗi ƙasa ta saɓe, ta hau wata, ta sake sha ta faɗi, sai a karo na uku macen ta cika ta yi tim, ta sauka ta zuba dubban ƙwai. Babesiya kuma tana ratsawa daga uwa zuwa ƙwai, ma'ana 'ya'yan da ba su taɓa cizon kowa ba sun fito da cutar a jikinsu. Don haka dila na iya barin wuri tun bara, kaskar da ta sha jininsa ta bar jikoki a bakin rami suna jira. Da damina suna ko'ina cikin ciyawa. Da rani sukan koma inda ke da sauran danshi, ƙarƙashin duhuwa, bakin rafi, cikin ramuka, daidai wuraren da karen farauta ke cusa hanci. Ita kuwa kaskar gida ba ta ma buƙatar daji. Tsagar bangon laka da ƙarƙashin tsohon buhu sun ishe ta haihuwa shekara da shekaru.

Akwai wata ƙwayar, Hepatozun, da ke zama a fararen ƙwayoyin jini, wadda ake yawan samu a jikin dila da yanyawa a ƙasashe da dama. Ita ba ta cizo take shiga ba. Sai kare ya gatsa jikinsa ya haɗiye kaska. Akwai kuma Erlikiya, ƙwayar bakteriya da kaskar gida ke ɗauka, mai sa kare haɓo da ramewa, wadda ta kashe karnukan sojan Amurka da dama a yaƙin Biyetnam. Sau da yawa kare ɗaya kan haɗa biyu ko uku, shi ya sa allura ɗaya ba ta cika tashinsa ba.

Abin da ya fi damuna a yadda ake tattauna wannan batu shi ne kullum ana ɗaukar cuta daga daji take zuwa gida. Tarihin shekarun nan ya fi nuna akasin haka. A 1994 wata cuta mai suna distemfa, 'yar uwar ƙyanda, wadda ke yawo a cikin karnukan ƙauyukan da ke kewaye da gandun Serengeti na Tanzaniya, ta kashe zakuna kusan 1,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin. Da aka koma kan jinin da aka adana, sai aka gano abin da ya sa ta yi muni haka. Fari ya raunana ɓauna, kaska ta yi musu yawa, zakuna suka ci ɓaunan suka kwashi kaskar, Babesiya ta cika musu jini, distemfa kuma ta karya garkuwar da ke danne ta. A tsaunukan Habasha akwai wani karen daji mai jan gashi da bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a duniya, kuma haukan kare daga karnukan makiyaya ya yi masa ɓarna a farkon shekarun 1990 da kuma 2003. A kowace ƙaramar hukuma ta Kebbi karnukan gida sun ninka diloli nesa ba kusa ba. Idan ana neman inda cuta za ta sami jiki da yawa ta zauna, ba sai an shiga daji ba.

Yanayin jihar kuma ya buɗe ƙofofi da yawa. Makiyaya na tsallakawa ta Kamba da Bagudo zuwa Benin da Nijar, kusa da gandun W da ƙasashe uku suka haɗa, su gangara kudu wajen tafkin Kainji da rani, karnukansu na biye. Noma ya ci burtali da kurmi, dila ya koma zagayen bola da bayan kwata da inda ake yar da mushe, wuraren da karnukan gari ke kwana. Rashin tsaro ya taso ƙauyuka da rugage daga inda suka saba, da dabbobinsu da kaskarsu. Ga fataucin karnuka, da ake tarawa daga arewa a cunkusa a keji a kai kasuwanni irin ta Dawaki a Filato. Kare ɗaya mai kaska a cikin wannan keji ya isa.

Makiyayi zai tambaya: to shanuna fa? A nan hankali zai iya kwanciya. Babesiyar kare ba ta kama saniya. Fitsarin jinin shanu wasu nau'o'in ne dabam ke kawo shi, da wata kaskar dabam. Sammore kuwa, wanda tsando ke ɗauka a kurmin bakin kogi, ma'ajinsa a daji su ne mugun dawa da mazo da ɓauna, domin su tsando ya fi sha, kuma su ke jure cutar. Kare a wannan fanni abin tausayi ne. Sammore na saurin cin sa, idanunsa su yi fari kamar hakiya ta rufe su, ya rame ya mutu. Yana kuma iya kamuwa ba tare da cizo ba, idan ya ci ɗanyen naman dabbar da ke ɗauke da cutar, musamman irin sammoren raƙuma. Karen ruga da idonsa ya yi fari haka kawai, labari yake ba mai shi cewa a duba garke. Cibiyar binciken sammore da ke Kaduna ta daɗe tana aiki kan wannan cuta tun zamanin Turawa. Mutum ma ba ya cikin waɗanda Babesiyar kare ta saba kamawa, amma kaskar gida na iya sa masa wani zazzaɓi mai fesowar ƙuraje, kuma murtsuke kaska da farce, kamar yadda yara ke yi, hanya ce ta taɓa jinin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Shi ya sa nake ganin zuba guba a mushe don a kashe dila ɓarna ce tsagwaronta. Kaskar da ke ƙasa ba ta ci gubar ba, tana nan, kuma in babu dila za ta hau kare. Wanda zai fara mutuwa ungulu ce, wadda tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, sai karnukan gari, wani lokaci har kajin gida. Dilan da aka kashe kuma shi ke rage ɓera da gafiya a gona, shi ke share mushe kafin ya ruɓe. Mai awaki da dila ya ɗauke wa ɗan akuya yana da hujjar fushi, amma maganin wannan shinge ne da kare mai lafiya.

Mu kuma a ƙasar Hausa muna da wata matsala ta kanmu. Saboda hukuncin najasa, da yawa na ƙyamar ko da duba jikin kare, balle cire masa kaska. Alhali addini ya halatta riƙon karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi magana kan abin da dabbar da aka horar ta kamo. Wanda ya ajiye dabba tana yi masa aiki, haƙƙin lafiyarta na wuyansa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen magani. Mafarauci ya ga karensa ya kwanta, sai ya tafi wurin maƙwabcinsa makiyayi: "Don Allah Ardo, ɗan sam mini ragowar Berenil ɗin nan." Maganin kuwa yana kashe Babesiya, gaskiya ne. Amma ƙaramin ƙullin nan mai giram 2.36 an auna shi ne don saniya mai kilo 300. Kare mai kilo 15 kashi ɗaya cikin 20 na ƙullin yake buƙata, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da shi da abin da zai kashe shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai. In aka zarce, ko aka maimaita allurar washegari don an ga bai tashi ba, maganin kan taɓa ƙwaƙwalwa: kare ya riƙa tangaɗi, ƙafafu su sanƙare, idanu su riƙa rawa, ya mutu, a ce cutar ce ta yi ƙarfi. Awo da allura aikin malamin dabbobi ne. Haka shafa wa kare fiya-fiya ko maganin feshin gona ko baƙin mai, yana lasa yana shan guba. Akwai magungunan kaska da aka yi domin kare, na wanka da na ɗigawa a ƙeya, kuma dole a haɗa da makwancinsa, a share, a toshe tsagar bango, in ba haka ba cikin mako guda sun dawo.

Abu mafi arha kuma yana hannun mafarauci tun a daren da ya dawo. Kaska ba ta zuba Babesiya da zarar ta kama, sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye tana sha. Wanda ya zauna da tocila a wannan dare ya bi kunne da wuya da hammata da tsakanin yatsu, ya kama kowace kaska dab da fata da ɗan hantsaki ya zare ta a hankali ba tare da ya matse cikinta ba, ya rage haɗarin sosai. Kada a jefar da su a tsakar gida, mace ɗaya cikakkiya dubban ƙwai ce. A zuba su a kwalba mai ɗan kalanzir ko sifirit. In da hali ma a kai kwalbar ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a faɗi dajin da aka shiga. Da irin waɗannan kwalabe, da ɗigon jinin dilan da mafarauta suka riga suka kashe, malaman Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru da na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato za su iya zana taswirar inda rossi take a Kebbi, daji bayan daji, su kuma gwada ko irin da ke jinin dila shi ne ke jinin karen da ya bi shi rami.